Tsakanin Girka Da Gaɓar Binuwai: Abin Da Dogayen Kalmomin Kimiyya Ke Faɗa Game Da Yola

Harafi ɗaya tak ne ya raba "fluvial" da "pluvial", kalmomi biyu da kan fito kusa da juna a rahotannin hasashen ambaliya da ke yawo tsakanin ma'aikatun Abuja a farkon kowace damina. Ma'aikacin da ke da fayil goma a gabansa, ga kuma mai gida yana jiran taƙaitaccen bayani kafin taron ƙarfe biyu, zai iya ɗauka mai buga takardar ne ya yi tuntuɓen yatsa. A Yola da Jimeta kuwa, kalmomin nan sunayen masifu biyu ne da suka sha bamban wajen zuwa, wajen ɓarna, da kuma wajen wanda alhakin tare su ya rataya a wuyansa.

"Fluvial" daga "fluvius" ta fito, wato kogi a Latinanci. Ita ce ambaliyar da Binuwai kan yi idan ya cika ya batse, musamman idan hukumomin Kamaru suka buɗe ƙofofin madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka kammala a 1982 a kudu da Garwa. Irin wannan ruwa yana ba da rata. Akan samu sanarwa, akan ga kogin yana hawa kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin gadar Jimeta, mai rabo kuma ya kwashe iyalinsa da awakinsa ya hau tudu. Ita ce ta yi kaka-gida a 2012, shekarar da Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa ta ce ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin Nijeriya, ta raba fiye da miliyan biyu da muhallansu. Ita ce kuma ta dawo a 2022, aka rasa rayuka sama da 600. Maganinta aikin tarayya ne: fahimtar juna da Kamaru, yashe kogi, da gina madatsar Dasin Hausa a ƙaramar hukumar Fufore, wadda aka tsara tun zamanin Lagdo domin ta tare rarar ruwan, amma har yau tana kwance a kan takarda.

"Pluvial" kuwa daga "pluvia" take, ruwan sama. Wannan ba ya jiran Kamaru. Yakan zubo a kan garin kansa, ya tarar da magudanai a toshe da leda da yashi, ya tarar an yi gini a hanyarsa, sai ya shiga ɗakuna cikin sa'o'i kaɗan. Da asubahin Lahadi 27 ga Yuli, 2025, bayan mamakon ruwan sama, mutanen Shagari, Sabon Pegi da Yolde Pate a Yola ta Kudu suka wayi gari ruwa ya kai wa wasu gidaje rufi, aka rasa mutane fiye da 20. Takardar da ta haɗa waɗannan biyu ta kira su "ambaliya" kawai, tana iya tura kuɗin magudana zuwa yashe kogi, ko ta sa jama'a su zuba ido a kan Lagdo alhali hadarin da zai cinye su yana bisa kawunansu.

Ko hukumomin da ke ba da gargaɗin, sunayensu sun faɗi aikinsu ga wanda ya iya warware su. NIHSA hukumar "hydrology" ce, daga "hydor", ruwa a Girkanci, da "logos", magana ko nazari. Ita ke auna abin da ke gudana a ƙasa. NiMet ta "meteorology" ce, daga "meteoros", abin da ke rataye a sama, kalmar da Aristotal ya sanya wa wani littafinsa suna da ita fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. A watan Satumba na 2024 NIHSA ta sanar cewa za a fara sakin ruwan Lagdo da kubik mita 100 a kowace daƙiƙa, a ƙara a hankali har zuwa 1,000. Masuncin Rumde ba ya awo da kubik mita, amma ya san jarka mai lita 25. Lissafin farko jarka 4,000 ke nan a duk daƙiƙa, na ƙarshe kuwa 40,000. Da wannan ma'aunin sanarwar ta isa rediyo, da ba a buƙaci dogon jawabi ba.

Akwai wata kalma da ba ta kimiyya ba ce sosai, amma ta dace da wannan wuri. "Rival", wadda Turawa ke nufin abokin hamayya da ita, daga "rivus" take, rafi. Asalin ma'anarta mutumin da kuke shan ruwan rafi ɗaya da shi. Romawa sun lura tun da daɗewa cewa maƙwabtakar ruwa ba ta rabuwa da gardama.

Alƙalami ma daga can ya biyo

Dalilin da ya sa kimiyyar Turawa ke magana da harsunan da ba na Ingila ba a fili yake. Girkawa, tun daga Hippocrates zuwa Galen, su suka bar wa Turai littattafan likitanci na farko. Latinanci kuma shi ne harshen makaranta da coci na tsawon ƙarnoni, har Isaac Newton da Latinanci ya rubuta babban littafinsa na 1687. Da na'urar hangen ƙananan halittu ta fara tono abubuwan da ba su da suna a kowane harshe, sai masana suka riƙa komawa wannan tsohon rumbu suna ɗebo saiwoyi suna haɗawa. Tsohon harshe yana da amfani guda biyu: ma'anar kalmominsa ba ta sauyawa a kasuwa, kuma Bajamushe da Bafaranshe za su iya karɓar sa ba tare da ɗaya ya ji ya bi harshen ɗaya ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a garin malamai. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta sarfu ya san yadda baƙaƙe uku na Larabci ke haifar da kitabu da katibu da maktabu. Laƙabin Modibbo kansa, wanda Modibbo Adama ya ɗauka kafin ya kafa Yola a 1841, daga Larabcin "mu'addib" yake, mai koyar da ladabi. Sunan Yola daga "yoolde" na Fulatanci ne, tudu. Binuwai kuwa, kamar yadda Heinrich Barth ya rubuta bayan ya ƙetare shi a watan Yuni na 1851, uwar ruwaye yake nufi a harshen Batta. Ko'ina a duniya suna yakan fara ne da kwatance, sai tsufa ya rufe ma'anarsa.

Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne Girkanci ya riga Turawan mulkin mallaka shigowa Hausa, ta hannun Larabawa. A Bagadaza ta ƙarni na tara, Hunain bin Ishaƙ da almajiransa suka juya littattafan Galen zuwa Larabci, kalmomi da yawa kuma suka biyo ayari har ƙasar Hausa. Alƙalami daga "ƙalam" yake, shi kuma daga "kalamos", karan da ake feƙewa a yi rubutu. Falsafa "philosophia" ce, son hikima. Dirhami "drachma" ne, kuɗin Girkawa. Ita kanta kalmar kimiyya, da ake fassara dukan ilimin zamani da ita, daga Larabcin "kimiya'u" take, wadda ta samo tushe a wata kalmar Girkanci da ke nufin sarrafa ƙarafa.

Ɗaliban likitanci na Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 a matsayin jami'ar fasaha kafin a mayar da ita cikakkiyar jami'a a 2021, ba sa haddace dubban kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Gutsattsari suke riƙewa. Duk kalmar da ta ƙare da "itis" kumburi ne, don haka "meningitis" kumburin "meninx" ne, tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, abin da Bahaushe ya duba wuyan majinyaci ya kira sanƙarau. "Haima" jini ne, "hepar" hanta, "nephros" ƙoda. "Hyper" sama ne ko wuce kima, "hypo" ƙasa ne ko gazawa, "glykys" kuma zaƙi. Mai "hyperglycaemia" sukari ya yi masa yawa a jini, mai "hypoglycaemia" sukarin ne ya faɗi, kuma abin da zai ceci na biyu a take shi ne abin da aka hana na farko.

Bayan ruwa ya janye

A watan Satumba na 2024, bayan ambaliyar da ta shiga unguwannin bakin kogi a Jimeta, mutane suka fara kwanciya da amai da gudawa a Yola ta Arewa. Sunan da ake ba irin wannan yanayi a rahotannin farko shi ne "acute watery diarrhoea", har sai ɗakin gwaji ya yi magana, kuma daga baya gwamnatin jihar ta tabbatar cewa kwalara ce. Idan aka warware wancan dogon suna, ba a samun komai a cikinsa sai abin da uwar yaro ta riga ta gani da idonta. "Acutus" a Latinanci mai kaifi ne, wato abin da ya zo farat ɗaya, kishiyar "chronic" da ta fito daga "khronos", lokaci, ciwon da ya daɗe. "Diarrhoea" kuwa "dia" ne da "rhein", gudana ta ciki ta wuce. Jimlar dai alama ce take siffantawa, ba ta ambaci sanadi ba. Yin amfani da ita kafin gwaji gaskiya ce da taka-tsantsan. Amma an sha ganin ƙasashen da suka fake a bayanta wata da watanni don gudun ambaton kwalara, saboda ambaton na jawo idon duniya. Mai rubuta wa minista bayani yana da haƙƙin tambayar ko an ɗauki samfuri, yaushe, kuma ina sakamakon yake.

Ita "cholera" tsohon kuskure ce da ya zauna daram. Yawancin masana suna danganta ta da "khole", ruwan matsarmama, domin likitocin Girka sun yi imani jiki yana tafiya ne a kan ruwaye huɗu, kuma sun ɗauka wannan ruwan ne ke tumbatsa ya fito. Wasu kuma suka ce daga sunan indararo take, saboda yadda ruwa ke zuba daga jikin majinyaci kamar daga soro a tsakiyar Agusta. Duk wanda ya taɓa jinyar mai kwalara zai fi karkata ga ta biyu. Ƙwayar da ke jawo ta, Filippo Pacini ya gan ta a Italiya a 1854 tana karkarwa a ƙarƙashin gilashi, daga nan sunan "Vibrio", daga "vibrare", girgiza. A wannan shekarar ce John Snow ya nuna a Landan cewa famfon unguwa guda ne ke kashe mutane. Sunan bai sauya ba, amma tun daga lokacin aka san inda za a duba: rijiya da masai, waɗanda ambaliya ke haɗa su su zama ɗaya.

"Malaria" ma haka take, sai dai ita daga Italiyanci: "mala aria", mummunar iska, domin an zaci tururin fadama ne ke kwantar da mutane. Sai a 1880 Alphonse Laveran ya ga ƙwayar a jinin majinyaci a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya kama ta a cikin sauro a Indiya. A nan sunan Hausa, zazzaɓin cizon sauro, ya fi na Turanci gaskiya nesa ba kusa ba. Sauron da ke ɗauke da ita "Anopheles" ne, marar amfani a Girkanci, hukuncin da babu mai ɗaukaka ƙara a kansa. Mafi kisa cikin ƙwayoyin, "falciparum", daga "falx" take, lauje, saboda siffar da takan ɗauka a wani mataki na rayuwarta.

Binuwai yana da gurbi a tarihin wannan cuta. A 1854 jirgin ruwa mai suna Pleiad ya hauro kogin ƙarƙashin jagorancin likita William Baikie, yana neman labarin Barth. Bai kai Yola ba ya juya, amma ya koma teku ba tare da zazzaɓi ya kashe ko mutum ɗaya daga cikin ma'aikatansa ba, abin da bai taɓa faruwa ga ayarin Turawa a waɗannan koguna ba. Sirrin shi ne shan kwinin kullum tun kafin ciwo ya zo. Wannan shi ake kira "prophylaxis", daga "pro", gaba, da "phylax", mai gadi: tsayar da mai gadi tun ɓarawo bai iso ba. Hausa ta faɗe shi a gajarce da riga-kafi. Sai dai mai gadin nan shi ya buɗe wa jiragen kamfani hanyar kogin, kuma a 1901 sojojin Ingila suka hauro ta nan suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fice.

Akwai cutar da ba ta yin hayaniya irin ta kwalara, don haka ba ta cika samun kasafi ba. Yaran da ke wanka da kamun kifi a tafkuna irin Geriyo da Njuwa, da manoman rani da ke yini ƙafafunsu cikin ruwa, su ne abincin tsargiya. A takarda "schistosomiasis" ce: "schistos", tsagagge, da "soma", jiki, domin namijin tsutsar yana da tsagi a tsawon jikinsa inda yake rungume da macen. Nau'in da ke sa fitsarin jini "haematobium" ne, mai rayuwa cikin jini. Theodor Bilharz ya gano ta a Alƙahira a 1851, shekarar da Barth ya shiga Yola. Tsutsar ba ta iya kai wa ga mutum sai ta bi ta jikin wani ƙaramin dodon-koɗi na ruwa mai kwanciya, shi ya sa duk sabon aikin noman rani da aka amince da shi a Abuja yana iya zuwa da ita a matsayin gyara, in ba a sa maganinta cikin lissafi ba.

Nan ne wasu kalmomi huɗu na rahotannin lafiya ke taka rawa. "Demos" jama'a ne. "Endemic" abin da ke zaune a cikinsu ne, kamar tsargiya. "Epidemic" abin da ya faɗo a kansu, kamar kwalara. "Morbidity" daga "morbus" take, ciwo, "mortality" kuma daga "mors", mutuwa. Cutar da ba ta cika kisa ba tana iya hana ɗaruruwan yara karatu, ta raunana mafitsara da ƙoda shekara da shekaru, amma teburin da ya lissafa matattu kaɗai zai nuna ta kamar ba ta nan.

Saniya a cikin allura

A ƙasar Fulani, abin ban sha'awa ne a ji cewa kalmar "vaccine" daga "vacca" take, saniya. A 1796 Edward Jenner ya nuna a Ingila cewa wanda aka sa wa ruwan ƙurjin aganar shanu ba ya kamuwa da agana mai kisa, daga baya Louis Pasteur ya faɗaɗa sunan ya rufe kowace allurar riga-kafi don girmama shi. Romawa kuma kuɗi "pecunia" suke ce masa, daga "pecu", dabbobin kiwo, daidai da yadda "jawdi" a Fulatanci ke nufin dukiya kuma yana nufin dabbobi.

Cututtukan garke suna da sunayen da suka fi kowanne tsawo, amma su ne mafi sauƙin warwarewa. "Pleuropneumonia" haɗin "pleura" ne, gefen haƙarƙari, da "pneumon", huhu. Makiyayi ciwon huhu yake ce masa, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom, wadda ta faro a 1924, ita ke sarrafa allurarsa. Sammore, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, "trypanosomiasis" ce: "trypanon" ƙarfen huda katako ne, saboda yadda ƙwayar ke murɗawa a cikin jini. "Anthrax", da aka tabbatar da ɓullarta a wata gona kusa da Suleja a watan Yuli na 2023, gawayi take nufi, saboda baƙin ɓawon da ke fitowa a kan gyambon wanda ya kama. Duk cutar da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum "zoonosis" ce, "zoon" dabba, "nosos" ciwo, kuma ganin wannan kalma a takarda alama ce cewa ma'aikatar lafiya da masu kula da dabbobi dole su zauna a ɗaki ɗaya.

Wani amfanin tsofaffin harsunan nan shi ne ba sa ɓata sunan kowa. Garin Lassa, da ke kudancin Borno dab da iyakar Adamawa, tun 1969 yake ɗauke da sunan zazzaɓin da aka fara ganowa a asibitin mishan na can, alhali ɓeran da ke yaɗa shi yana ko'ina a Afirka ta Yamma. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar daina sa wa sababbin cututtuka sunan gari ko ƙasa. Ga Lassa dai an makara. Dangin ƙwayar kuwa "arenavirus" ne, daga "arena", yashi, domin cikinta kamar an barbaɗa yashi yake. "Virus" kuma dafi ne a Latinanci.

Ayu da madobiya

A 1855 wani matashin Bajamushe masanin taurari, Eduard Vogel, ya iso Binuwai ya aika wa Landan bayanin wata babbar dabbar ruwa da mutanen wurin ke kira ayu. Richard Owen, mutumin da ya ƙirƙiro kalmar "dinosaur" daga "deinos", mai ban tsoro, da "sauros", ƙadangare, ya raɗa mata "Manatus vogelii" don tunawa da shi. Sunan bai ɗore ba. Ƙa'idar masana ita ce wanda ya riga shi ke da suna, kuma tun 1795 an riga an yi wa wannan dabba rajista daga Senegal. Don haka ayun Binuwai ya zama "Trichechus senegalensis", kalmar farko daga "thrix", gashi, da "ekhein", mallaka, saboda 'yan gasun da ke bakinsa. Rukuninsa "Sirenia" ne, sunan matan ruwa na tatsuniyar Girkawa da ke yaudarar matuƙa jirgi da waƙa. Masu tallar man ayu a kasuwannin Arewa ba su karanta tatsuniyar ba, amma kusan alkawari ɗaya suke yi wa masu saye. Tun 2013 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin wannan dabba da sassanta tsakanin ƙasashe.

Tsarin suna biyu-biyu Carl Linnaeus na Suwidin ne ya daidaita shi, ga tsirrai a 1753, ga dabbobi a 1758: na farko na dangi, na biyu na mai shi. Itatuwan da ke inuwa a Yola duk suna da irinsa, kuma kowanne da ɗan tarihinsa. Kuka "Adansonia digitata" ce, sunan Michel Adanson na Faransa da "digitus", yatsa, saboda ganyenta kamar tafin hannu a buɗe. Ɗorawa "Parkia" ce, don Mungo Park. Tsamiya "Tamarindus" ce, Larabcin "tamr hindi" ne aka sa wa rigar Latin, dabinon Indiya. Wani likitan gwamnatin mulkin mallaka, John Dalziel, ya tattara tsirrai a lardin Yola ya wallafa bayaninsu a mujallar lambun Kew a 1910, sannan ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Itacen hano, wanda masu magani ke sassaƙar ɓawonsa, yau "Boswellia dalzielii" ne. Mutanen da suka nuna masa itacen suka gaya masa amfaninsa, babu sunan ko ɗaya daga cikinsu a jikin wani tsiro.

Wanda ya fi shafar ma'aikacin tarayya kai tsaye shi ne madobiya. Sunanta "Pterocarpus erinaceus": "pteron" fiffike, "karpos" 'ya'yan itace, "erinaceus" bushiya. Duk wanda ya tsinci 'ya'yanta a daji zai ga kwatancen ya zauna, faifai ne mai fiffike kewaye, tsakiyarsa cike da ƙaya. Makiyaya suna sassabo ganyenta su ba shanu a ƙarshen rani lokacin da ciyawa ta ƙare, jan ruwan jikinta kuma ana rini da shi. Cikin shekarun da suka biyo bayan 2013, buƙatar jan katako a ƙasar Sin ta aiko da masu zarto cikin dazuzzukan Taraba da kudancin Adamawa, tireloli suka riƙa fita da gungume dare da rana, har Nijeriya ta shiga sahun gaba a duniya wajen fitar da shi. Daga watan Janairu na 2017 itacen ya shiga jerin CITES na waɗanda ba a fitar da su sai da izini da shaidar cewa saran bai yi wa daji illa ba, a ƙarshen 2018 kuma aka dakatar da cinikinsa daga Nijeriya.

A ƙauyen da aka sare shi madobiya ne. A bakin masu zarto da direbobi "madrid" ne. Dillalan tashar jiragen ruwa "kosso" suke rubutawa, mai saye a Sin kuma yana da nasa sunan. A jadawalin yarjejeniyar da Nijeriya ta sa wa hannu, wanda jami'in gandun daji a Yola da na kwastan a Apapa za su riƙe su tsayar da kwantena, kalmomin Latin biyun nan ne kaɗai aka rubuta.